Ranar da Kawu Gado Ya Shiga Teku

Maganar farko da Mutala ya yi wa Fausiya a duniya umarni ce.

"Ja zif ɗin jaket ɗin ceton nan har wuya, ki ɗaura igiyar allon a ƙafarki."

Ba sallama, ba ina kwana. Ta dube shi sama da ƙasa. Dogo ne, rana ta ƙona shi ya yi baƙi wuluk, ga wando iya gwiwa, ga usur rataye a wuya. Ya ji suna Hausa da ƙawarta a cikin jirgi, shi ya sa ya yi mata da Hausa, amma a ganinta wanda ya iya Hausa ai ya kamata ya iya gaisuwa.

Laifin duk na Dorkas ne, nas 'yar Kafanchan da suke zaune gida ɗaya. Ita ta matsa sai sun zo wannan yawon don murnar ranar haihuwarta. Sun hau jirgin katako daga Kornish da safiyar Juma'a, aka kai su wani ɗan tsibiri mai farin yashi, inda ake hango benayen Doha a jere kamar kwalabe a kanti. Fausiya 'yar unguwar Aboabo ce a Kumasi, tana aikin karɓar baƙi a wani otal a Lusail, ruwan da ta sani kuwa bai wuce na famfo da na sama ba. Hoto ta zo ɗauka ta koma abinta.

Mutala shi ne jagoran masu yawon. Aikinsa ya koya wa mutane tsayuwa a kan wani dogon allo mai faɗin ƙyauren ƙofa, su riƙa tuƙa shi da filafili a gefen gaɓa, daga baya ya ba su tabarau da bututun numfashi su leƙa ƙarƙashin ruwa. Ya tara su goma sha biyu ya karanto musu dokokinsa da Turanci kamar hedimasta. Kowa a durƙushe zai fara. Ba mai miƙewa sai ya ce. Idan iska ta taso ya busa usur sau biyu, kowa ya koma kan gwiwoyinsa, ko wane ne shi, domin mutum a tsaye a kan allo iska ɗaukarsa take yi ta yi gaba da shi.

Fausiya ta ce wa Dorkas, da muryar da ta tabbata zai ji, wai mutum ya san dokoki goma amma bai san ina kwana ba. Ko juyowa bai yi ba.

Sau huɗu tana faɗawa ruwa. Duk faɗuwar sai ya matso da nasa allon ya miƙo mata bakin filafili ta kama, bai taɓa miƙo hannu ba. Ta lura da haka, ta kuma ji haushin kanta da ta lura. Da aka zo leƙen ƙarƙashin ruwa ta rantse ita fuskarta ba za ta shiga ba. Bai yi mata gardama ba, ya ba ta robar iyo ta rungume, ya kama igiyar yana ja a hankali, ya ce ta leƙa sau ɗaya tak, in ba ta so shi ke nan.

Ta leƙa. Wasu ƙananan kifaye masu zanen baƙi da rawaya suka ratsa ta gaban hancinta ba su ko damu da ita ba, hasken rana yana rawa a kan yashin ƙasa, ba ta jin komai sai numfashinta. Shekara biyu tana Doha tana murmushin dole ga baƙi, ba ta taɓa samun shiru irin wannan ba. Ta buɗe baki za ta kira Dorkas, ta manta akwai bututu a ciki, ta kwankwaɗi ruwan gishiri ta ɗago tana tari.

A nan ta fara ganin haƙoransa.

"Teku ce ta gaishe ki," in ji shi, "tunda kin ce ni ban iya ba."

Kamfaninsu yakan tura wa baƙi hotunansu ta waya. Nata suka iso da la'asar, saƙo ya biyo baya:

"Assalamu alaikum. Ina wuni, ina gajiya, yaya aiki, yaya Baba, yaya Mma, yaya mutanen Kumasi baki ɗaya. Ga gaisuwar safe, ta makara. A bakin ruwa ba na gaisuwa, kawunan mutane nake ƙirgawa. Mutala, ɗan Zongon Sekondi."

Ta bar shi sai washegari, don kada ya ɗauka jira take yi, ko da yake sau bakwai ta karanta.

"Wa alaikumus salam. Gaisuwa bayan na sha gishiri, ai ihu bayan hari ke nan. Suna lafiya."

Daga nan abin ya kama. Ranar hutunta sukan hadu a Kornish bayan la'asar, kowa da kofin shayin karak, Dorkas na biye da su a baya tana danna waya. Ya sa mata suna Hajiyar Tudu, ita ta sa masa Ɗan Ruwa. Mutum ne da zai iya ƙure haƙurin waliyyi. Tana tsakiyar ba shi labarin wani baƙo da ya zage ta a otal, sai ta ga idonsa a kan tutar wani jirgi yana auna iska. Ta yi sabon ɗinki ta zo, abin da ya gani shi ne takalminta zai zame a kan dutse. Amma bai taɓa makara ba, bai taɓa faɗin abin da bai yi ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ya bi jirgin ƙasa na Metro tun daga bakin aiki ya kawo wa Dorkas kwanon wake da shinkafa da yajin shito, ya tsaya a ƙofa bai shiga ba.

Wata huɗu tana jiran ya faɗi abin da ke ransa. Da ya tashi faɗa, kallon jiragen katako yake yi.

"Kullum kafin jirgi ya tashi ina ƙirga mutanena. Kwanan nan ko sun cika, sai in ji kamar saura mutum ɗaya."

"Wannan ita ce soyayyar taka? Ƙidaya?"

"Ita na iya, Hajiyar Tudu. Ina so in aure ki."

Ta ce za ta yi tunani. Ta yi tunanin daga nan zuwa bakin titi, ta ce masa to.

Matsalar daga Kumasi ta taso, amma a Doha aka dafa ta. Akwai Rafiu, ɗan unguwarsu, mai aiki a wani ofis a Mushairib, kullum cikin kwat da sanyin na'ura. Ya daɗe yana kewaya Fausiya, ita kuwa ba ta ƙi shi da komai ba illa ba ta son sa. Da ya ji labarin Mutala sai ya shiga shafin kamfanin ya kwaso hotuna ya tura wa mahaifinta, Alhaji Sunusi, wai don Allah ne kawai. Ga Mutala da gajeren wando, ga matan Turawa kewaye da shi cikin kayan wanka.

Baba ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce shi ba zai tilasta mata kowa ba, amma ba zai ɗaura mata aure da mutumin da ke yini tsirara-tsirara cikin matan mutane ba sai an yi bincike. Kuma tunda yaron yana Doha, binciken na hannun Kawu Gado, yayan Mma. Abin da Gado ya ce shi ne. Idan ta zo hutu a watan Afrilu Gado bai amince ba, to a rufe zancen har abada. Fausiya ta san kanta, ba za ta iya aure ba da albarkar Baba ba, kuma ba za ta iya ganin ranta babu Mutala ba.

Kawu Gado ya shekara ashirin da biyu yana tuƙi a Doha, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Zongo, mai sasanta rigima, mai karɓar baƙo, mai raka gawa filin jirgi. Duk wanda ya gan shi sai ya rusuna. Bincike irin na kowa shi ne a tambayi limami, a tambayi abokan ɗaki, a tambayi mutanen garin yaro. Kawu ya yi duk wannan bai sami komai ba, sai ya ce gani ya kori ji. Bai gaya wa kowa ba ya sayi tikitin yawon ranar Asabar.

Ranar Lahadi ya aika a kira Fausiya. Ta same shi a ɗakinsa ya cika ya batse, kansa ba hula, abin da ba ta taɓa gani ba tun tana yarinya.

Ya ce ya je da mutuncinsa da babbar rigarsa ta shadda. Teku kwance lumui kamar faranti. Yana tsaye a kan allon nan lafiya lau, sai yaron nan ya hau busa masa usur kamar ɗan ƙwallo, ya daka masa tsawa a gaban Turawa da 'yan Filifin, wai ya durƙusa. Sau uku.

"Ni, Gado, in durƙusa a gaban mai neman 'yata? A ina aka taɓa yi? Shi ya kamata ya zube a gabana. Da na ƙi, sai ya taso ya cafki rigata ya jefa ni ruwa. Hular da na sayo a Makka tana can cikin kifaye."

Fausiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ba da haƙuri har bakinta ya bushe. Kawu ya ce ya riga ya faɗa wa mahaifinta abin da ya faru, hukunci kuwa zai yanke kafin ta tafi hutu, amma ta fara cire rai.

Daga can Kornish ta nufa, ta kira Mutala ya same ta. Ko zama ba ta bari ya yi ba. Ta tambaye shi ko gaskiya ne ya ce wa kawunta ya durƙusa, ya ce gaskiya ne. Ko gaskiya ne ya jefa shi ruwa, ya ce gaskiya ne. Sai ta kama igiya ɗaya da ta rage mata, ta ce ai bai san ko wane ne ba.

"Tun a jirgi na gane shi. Dattijon Zongo da babbar riga da carbi ya zo hawan allo, wane ne in ba mai bincike ba?"

"Ka sani, ka kuma yi?"

"Na yi."

Ta dafe kai. Ta san dokar usur, ta san Mutala ba ya busa shi don wasa. Ta ce masa iska ce ta taso ko, ya faɗa mata gaskiya. Ta ce in iska ce ai magana ta ƙare, ya kira Baba ya yi masa bayani, ya tura hotunan ranar. Ya ce babu hotuna. Ta ce kamfanin da ke ɗaukar hoton kowa har da mai tari, a ce babu na Kawu? Ya ce babu.

"Kawu ya ce teku kwance take," in ji shi a hankali. "In na kira Baba na ce ba haka ba, na ce da dattijo maƙaryaci a gaban surukinsa. Kuma abin da ya faru da baƙona a ruwa, ba na ɗaukarsa in kai tudu. Ko ke da kika faɗi sau huɗu, wa ya taɓa ji a bakina?"

"Ni ba aurenka ne a hannuna ba a ranar."

"Duk ɗaya ne."

Da kofin karak na hannunta da ta watsa masa. Ta samu dai ta lallashe shi ya yarda zai je ya ba da haƙuri. Ya sayi sabuwar hula, ya sa doguwar riga, ya je ya zube a ƙofar Kawu kamar yadda ake so, Fausiya na tsaye a gefe tana addu'a a zuci. Komai na tafiya daidai har Kawu ya tambaye shi ko ya yarda ya yi kuskure.

"Na ba da haƙuri a kan muryata, Kawu, da hular da ta ɓata. Amma in gobe aka sake, zan sake."

Kawu ya dube shi ya daɗe, sannan ya tura ƙofarsa ya rufe. Hular na nan a hannun Mutala. Fausiya ta juya ta tafi, ta shiga Metro cike da takaici.

Mako uku aka yi a haka. Dorkas ta ce ita a asibiti ta ga masu taurin kai iri-iri, amma maza biyun nan sai dai a haɗa su ɗaki ɗaya a kulle. Rafiu ya dawo da gaisuwar safe da ta yamma, har da tambayar ranar da za ta sauka Kumasi. Fausiya tana tsaye a teburin otal tana yi wa baƙi murmushi, har tana ba su takardar tallan yawon teku idan sun tambaya. Tana jin haushin Kawu, tana jin haushin Baba da ya ɗora rayuwarta a kan bakin mutum ɗaya, amma haushin Mutala ya fi, domin shi ne take so.

Saura kwana goma hutunta ta rubuta masa:

"Ɗan Ruwa, magana ɗaya za ka yi wa Baba mu huta. In ka ƙi, ka zaɓi mutuncin mutumin da ba ya ƙaunarka ka bar ni. Na gaji. Wallahi na gaji."

Amsar ba ta daɗe ba:

"Hajiyar Tudu, tun ranar nan abinci ba ya wuce mini wuya. Ina son ki fiye da yadda bakina ya iya faɗa. Amma ba zan taka furfurar kawunki in shiga gidanku ba. Ki yi haƙuri da ni."

Ta shiga banɗakin ma'aikata ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta koma bakin aiki.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Kawu ya aika ta zo, zai kira Kumasi a gabanta. Ta tafi kamar mai zuwa karɓar sakamakon asibiti. Ya jingina wayar da flas ɗin shayi, fuskar Baba ta bayyana, Mma na leƙowa ta bayan kafaɗarsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kowa har da awaki, Fausiya na zaune a kan darduma tana murza bakin mayafinta.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce ya gama bincike, amma kafin hukunci akwai gyara a labarin da ya bayar.

Ya ce teku ba kwance take ba. Tun a gaɓa yaron ya roƙe shi ya cire babbar riga ya ƙi, da ƙyar ya yarda aka sa masa jaket a ƙarƙashinta, da sharaɗin zai zauna a kan allo a wuri marar zurfi. Shi kuwa da ya ga yaron ya yi gaba da matan Turawa, sai ya ce bincike ya zo ba zama ba. Ya miƙe tsaye, ya tuƙa ya bi su. Iskar arewa ta taso ta cika rigar nan ta kumbura, ta ɗauke shi ta yi waje da shi, ta nufi hanyar da jirage masu gudu ke bi. Ya ji usur, ya ji tsawa, ya kuma gane abin da ake nufi sarai. Girman kai ne ya hana shi.

"Yaron ya kamo ni, ya kwance igiyar ƙafata, ya jawo ni ruwa. Allon ya tafi shi kaɗai. Alhaji, da idona na ga jirgi ya dake shi ya yi sama."

Mma ta yi salati. Kawu ya ɗaga mata hannu, bai gama ba. Ya sunkuyar da kai, muryarsa ta sauka.

Ya ce da ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, sai hankalinsa ya gushe. Ya shaƙe wuyan yaron da hannu biyu. Ya yi kuka da hawaye, yana kiran mahaifiyarsu da ta rasu shekara talatin, har wasiyya ya fara. Rigar ta naɗe shi, dole yaron ya tuɓe masa ita a cikin ruwa, ya rage daga shi sai jaket da singileti. Yaron bai kai shi gaɓa inda mutane suke ba, ya zagaya da shi ta bayan jirgin katako ya hau da shi ta can, ya ba shi tawul da jallabiyarsa ta sallah. Ya sa mai hoto ya goge duk abin da ya ɗauka. Daga baya Kawu ya ji har takardar gargaɗi aka ba yaron a wurin aiki saboda ya bar baƙo ya hau da babbar riga, bai ce komai ba ya sa hannu.

"Kunya ce ta sa na riga shi kai ƙara," in ji Kawu. "Na ce kafin ya tona ni, bari in ɓata shi. Sai na zauna ina jira. Kun san mu. In ka yi atishawa a Doha, daga Kumasi za a yi maka addu'a. Juma'a uku ina shiga taron ƙungiya ina jiran wani ya yi mini murmushin da ban gane ba. Shiru."

Ya ce har gwaji ya yi. Ya kira Rafiu ya ba shi guntun labarin, ya ce amana ce, sannan ya tura shi ya bugi cikin Mutala. Mutala ya ce masa baƙi da yawa suke zuwa, shi bai riƙe ba. Guntun da aka ba Rafiu amana kuwa, kafin magariba matar limamin Aboabo ta kira tana yi wa Kawu jajen hula.

Ya juyo ya dubi Fausiya.

"Ke ma bai faɗa miki ba?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. Duk haushin mako uku ya narke ya bar ta da kunya da wani irin so da ya cika mata ƙirji har yana mata ciwo.

"To ka ji, Alhaji. Ya san aurensa na hannuna, ya jefa ni ruwa don in rayu. Ya san magana ɗaya za ta wanke shi, ya haɗiye ta don kada in ji kunya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matan da ke cikin hoton nan kuwa, na sa ido sosai, filafili yake miƙa musu. In akwai mai laifi a binciken nan, mai binciken ne."

Baba ya gyara zama. Ya ce alhamdulillahi, shi ya ba da amana kuma an dawo masa da ita. Sai dai ya ji an ce mahaifin yaron ya rasu, danginsa na Sekondi kuma tsofaffi ne, to wa zai zo ya nema masa auren?

Kawu Gado ya gyara zama.

"Ni. Ku nemi wani ya zauna a ɓangaren amarya, ni na koma wajen ango."

Fausiya ba ta jira an gama sallama ba. Tana fita ta kira shi, yana ɗauka ta rufe shi da faɗa. Ta ce masa shi mugu ne, mai taurin kai, ya bar ta mako uku tana kuka a banɗaki alhali jirgi ne ya kusa kashe su su biyu. Ya bari ta gama tsaf.

"Kin ci abinci, Hajiyar Tudu?"

"Ban ci ba. Ka zo ka karɓi amsarka a wurin Kawu, kuma ka taho da hular nan."

An ɗaura auren a Aboabo ranar Lahadi ta biyu a watan Afrilu, bayan sallar azahar. Layin gidan Alhaji Sunusi ya cika da rumfuna, mutanen Sekondi suka zo mota biyu, Dorkas ta haɗa hutunta ta biyo ta Accra, ta sha ɗaurin ɗankwali har ba a gane ta. Fausiya na cikin ɗaki an lulluɓe ta, hannu da ƙafa sun sha lalle, tana jin lasifika daga waje. Ta ji liman ya tambayi wakilin ango, ta ji muryar kawunta ta amsa da ƙarfi cewa ya karɓa wa ɗansa Mutala. Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi, aka shiga rabon goro.

Ta laluba wayarta a ƙarƙashin mayafi ta rubuta da yatsa ɗaya don kada lalle ya ɓaci:

"To, yanzu ni matarka ce, babu sauran ɓoye-ɓoye. Da gaske har wasiyya Kawu ya yi? Me ya ce a ba wa?"

Amsa ta shigo:

"Wane Kawu? Baƙi da yawa suke zuwa, amaryata. Barka da zama tawa."

Ta yi tsaki ta wurgar da wayar a kan katifa, tana dariya tana share ido, har Mma ta ce ta bari kada kwalli ya zube.

Da la'asar aka shigo da ango gaida iyaye. Baba ya yi musu nasiha gajeriya, Mma na gyaɗa kai. Aka ce Kawu Gado ya sa albarka. Ya ɗora hannu ɗaya a kan Mutala, ɗaya a kan Fausiya, ya buɗe baki ya rufe, mutumin da ya saba jawabin awa guda a taron ƙungiya.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari," ya ce da ƙyar. "Allah ya rufa muku asiri, duniya da lahira, kamar yadda yaron nan ya rufa mini."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin, ta Fausiya ce ta fi daɗewa.